Minti Ɗaya da Aka Ba Yaya

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta bakwai kuma ta ƙarshe a ɗakinsu. A masana'antar kujeru da tebura inda take aiki kuwa, a gaban idonta Anti ce, da ta ba da baya sai ta koma Minti Ɗaya. Ta san da sunan sarai, kuma bai taɓa damunta ba. A wancan lokacin ma har wani daɗinsa take ji.

Ba ta san mahaifinsu ba sai a hoto. Tana da shekara uku ya rasu, babban wansu ya ɗauki gidan gaba ɗaya ya aza a ka, alhali ko aure bai yi ba. Shi ke kai ta makaranta a bayan keke. Shi ya zauna kan benci a ƙofar ofishin shugaba ranar da ta fasa wa wata yarinya baki, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi dukan. Da ta gama karatu, shi ya ɗauki takardunta da hannunsa duk baƙin mai, ya kai wa manajan wancan zamanin, ya ce ga ƙanwarsa nan a gwada ta. Aka ba ta ƙaramin tebur a ofishin tsara aiki, kusa da tagar da ke kallon inda ake jibge katako. Daga nan ta fara, ta yi shekara goma sha huɗu tana hawa a hankali har ofishin ya zama nata.

Yaya shi ne babban bakaniken masana'antar. Injin zarto, injin goge katako, injin feshin fenti, da ƙaton injin nan mai matse bututun ƙarfe ya lanƙwasa shi ya zama ƙafar tebur, duk a hannunsa suke. Ba ya bin inji da takarda, da kunne yake binsa. Sai ya dafa bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido, can ka ji ya ce a kashe. Aibunsa ɗaya ne a duniya: Allah bai ba shi gajeriyar magana ba. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka fara jin labarin wanda ya sayar masa da agogon. Matarsa kan ce in ya ɗauko zance tana ɗora tukunya, sai ta sauke ta raba abinci bai zo kan maganar ba. Wata takwas ya rage masa ya yi ritaya, bayan shekara talatin da shida a wurin, kuma ba abin da yake so irin ya fita ta ƙofar gaba da mutuncinsa.

Ita kuwa Auta, a shekarar da ta gabata aka tura ta kwas na mako guda kan yadda ake tafiyar da aiki. Ta dawo da littafi cike da rubutu da zuciya cike da zumuɗi. A gaskiya ta tarar da wuri mai buƙatar gyara. Aiki ɗaya mutum huɗu ne da shi, ya lalace babu mai shi. Taro kuwa a zauna awa biyu, mai fenti yana zargin kafinta, kafinta yana zargin masu walda, a tashi ba a yanke komai ba.

Ta kafa babban allo a bakin ƙofar shiga, ta raba shi gida uku: wanda ba a fara ba, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane aiki katinsa guda, mai shi mutum guda. Ta ce kowa ya fara da aikin da ya fi tsana, tun kafin ya taɓa wayarsa. Ta kwashe kujerun taro, ta mayar da shi na tsaye, kullum takwas saura minti goma. Shugabannin sassa goma, kowa minti ɗaya: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. Wayarta na hannunta, minti ya cika ta yi ƙara, a wuce na gaba, ita kuma tana rubuta abin da kowa ya ce a littafin taro. Sai dokar da ta fi kwanta mata a rai, wadda ta rubuta da jan alƙalami a saman allon: kada ka kawo matsala sai ka zo da maganinta.

Kada a zalunce ta, abin ya yi aiki. Mai fenti da ya saba zuwa da ƙorafi goma ya koma zuwa da ɗaya, shi ma da shawara a gefe. Aikin da ke kwana arba'in ya koma kwana ashirin da biyar. Mutane suka fara tashi kan lokaci suna riskar 'ya'yansu ido biyu. Yaya kaɗai ne tsarin bai karɓa ba, amma tsohon manaja ya san shi, in wayar ta yi ƙara sai ya yi murmushi ya ce a bar dattijo ya ƙarasa.

Sai aka canza manaja. Sabon daga babban ofis aka turo shi, mutum mai tafiya kamar ana binsa, kuma ya zo da kwangilar da ba su taɓa samun irinta ba: teburan makaranta dubu huɗu, a gama cikin mako goma kafin yara su dawo hutu. Ranar farko ya tsaya a taron safe hannu a aljihu. Da aka zo kan Yaya, ya gyara tsayuwa ya fara da godiya ga Allah da ya kawo baƙo lafiya, ya gangaro kan yadda aka sayo injin zarto tun kafin a haifi rabin waɗanda ke wurin. Waya ta yi ƙara ko kan aikin jiya bai iso ba. Aka yi dariya, har da shi.

Manaja bai yi ba. Bayan taro ya kira Auta ofis, ya juyo mata da wata takarda mai sunaye biyar na waɗanda babban ofis ke ganin sun yi nauyi, na biyu Yaya. Ya ce akwai kamfanin da ke duba injuna duk wata, matasa ne masu na'ura, ba masu tatsuniya ba. Da ta ce masa wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya janye takardar. Ya ce to, saboda ita zai ajiye sunan a aljihun tebur, amma ranar da tsohon ya sake tsayar masa da aiki da dogon surutu, ranar zai fito da shi.

Ta fito daga ofishin. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Mutumin da ya tsaya mata a komai, a ce an miƙa masa takardar sallama saura wata takwas, a ofishin da take shugabanta! Ta rantse a ranta sai ta kai shi ranar ritayarsa, ko ta halin ƙaƙa.

Ranar hutu da yamma ta je gidansa. Ta same shi a tsakar gida ya wargaza fankar maƙwabta a kan tabarma. Ba ta faɗa masa zancen takardar ba, don ta san jin haka kaɗai zai karya shi. Cewa ta yi sabon manaja ba ya son dogon bayani, don Allah a taro ya riƙa faɗin abu uku kawai, in kuma ba shi da maganin abu a hannu, ya ce babu matsala, su yi maganar daga baya su biyu.

Ya yi dariya har da tari. "Auta, yau ke ce za ki koya mini magana? Ni fa na koya miki cewa ruwa, kina ce masa wuwa."

Amma ya yarda. Bai taɓa iya ƙin abin da ta roƙa ba.

Mako uku komai ya tafi daidai. Katuna na tsallakawa daga gida zuwa gida a kan allo, ana aikin safe da na yamma, har ranar hutu ba a kashe injuna. A mako na huɗu, wata safiya kafin taro, Yaya ya tare ta a gindin matakala. Ya ce injin lanƙwasa ƙarfe ya canza murya. In kan injin ya sauko ya matse bututu, lafiya lau. Amma in ya koma sama ya tsaya, sai ya ji wata 'yar ajiyar zuciya a cikinsa, kamar tsoho ya samu wurin zama. Ya duba mai, ya duba tiyo, ya duba abin takawa, bai ga komai ba. Yana so a kashe shi kwana biyu ya buɗe cikinsa.

Ta tambaye shi mene ne ya lalace. Ya ce bai sani ba. Ta tambaye shi me za a saya, me za a canza. Ya ce sai ya buɗe zai sani. Nan take ta hango shi tsaye gaban manaja yana cewa inji na ajiyar zuciya, a tsayar da ƙafafun tebur ɗari takwas saboda abin da shi kansa bai san sunansa ba. Ta hango aljihun tebur yana buɗewa. Ta ce masa ya ƙara bincikawa, in ya gano takamaiman abin, sai su kai maganar tare.

A taron ranar, da layi ya zo kansa, ya faɗi na jiya, ya faɗi na yau, sannan ya ce, "Sai dai akwai wani ɗan abu da nake…"

"Babban bakanike," ta katse shi, idonta a kan littafi, "matsala ce da maganinta, ko babu?"

Ya dube ta. Ya dubi manaja, wanda ya riga ya ɗaga gira. Ya ce babu. Ta rubuta: sashen injuna, babu matsala. Safiya goma sha tara a jere ta rubuta wannan layin da kyakkyawan rubutunta.

Ba wai ya haƙura ba ne. Sau ɗaya ya zo ƙofar ofishinta ya tsaya, tana kan waya da masu kawo katako, ta ɗaga masa yatsa alamar ya jira, da ta gama ya tafi. Wani karon ya roƙi ko rabin yini ne a ranar hutu, ta ce ranar ma an riga an ƙidaya ta a jadawali. Da ya ga haka sai ya koma wurin mai aiki da injin, wani dogon mutum mai 'ya'ya huɗu da kowa ke kira Dogo, wanda ba ya aiki sai yana fito. Ya miƙa masa awartaki, ya ce daga yau da shi zai riƙa sa bututu yana cirewa, kada ya kuskura ya kai hannu ƙarƙashin kan injin ko da a tsaye yake. Dogo ya yi kwana biyu da awartakin. Amma shi ma yana da kati a allo, da adadin da zai cika kafin a tashi, awartaki kuwa na rage masa sauri. Shugaban sashensa ya yi masa tsawa, ya jefa shi ƙarƙashin benci ya koma hannu.

Auta ta san kunnen Yaya ba ya ƙarya. Wallahi ta sani. Duk sanda ta bi ta gefen injin nan sai ta ƙara sauri. Abin da take gaya wa kanta shi ne saura mako uku, ana ɗora teburin ƙarshe a mota za ta ba shi mako guda cur, ya wargaza injin yadda ya ga dama. Garin neman gira ake rasa ido, ta ji wannan karin maganar tun tana yarinya, amma ko sau ɗaya ba ta zo mata a rai ba a waɗannan kwanakin.

Wajen sha ɗaya na safe ne, tana tsaye gaban allo da kati a hannu. Ba ta ji ƙarar komai ba. Abin da ta fara lura da shi shi ne fiton Dogo ya yanke, sannan injuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ihu. Kan injin ya sauko da kansa, ba wanda ya taka komai, Dogo na gyara zaman bututu da hannu biyu. Yaya ne ya iso da jak ya ɗaga ƙarfen, ya yage rigarsa ya ɗaure masa damtse, yana kiran sunan Allah da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Hannun dama ya tafi har wuyan hannu. A na hagu, babban yatsa da ɗan ƙaramin kaɗai likitoci suka iya tsirarwa.

Da aka buɗe injin, ko awa uku ba a yi ba aka ga abin. Wani ɗan bawul ne mai tare hanyar mai, wanda bai kai kwalbar turare ba, ya tsage, mai yana zurarewa ta ciki a hankali, inda ido ba ya gani.

Babban ofis ya turo kwamitin mutum uku. Abu na farko da suka nema shi ne littafin taron safe, manaja ya miƙa musu da alfahari, yana cewa a nan komai a rubuce yake. Suka ƙirga layukan. Sannan suka je asibiti, Dogo ya ba su labari tsakaninsa da Allah, har da zancen awartaki. To, shi ke nan. Mutumin da ya ba ma'aikaci awartaki ya san akwai haɗari ke nan. Ya sani, kuma safiya goma sha tara yana cewa babu matsala.

Ana gobe kwamiti zai saurari Yaya, Auta ta je gidansa da la'asar. Matarsa ta amsa gaisuwa a ciki-ciki ta shige ɗaki. Yaya na zaune kan tabarma ba komai a gabansa, cikin mako biyu ya zube kamar wanda ya yi jinyar shekara. Ta durƙusa ta faɗa masa komai: takardar sunaye biyar, aljihun tebur, alƙawarin da ta ɗaukar wa kanta. Ta ce gobe za ta tashi ta gaya wa kwamiti cewa ya zo mata har sau uku, ita ta rufe masa baki.

Da ta gama, ya ɗago kai ya dube ta.

"Da kin gaya mini tun ranar, Auta. Da na zaɓi a kore ni."

Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, bai rarrashe ta ba. Sannan ya ce kada ta ce komai gobe. In ta yi magana su biyu za a kora, hannun Dogo kuma ba zai dawo ba, ga Inna a wurinta, ga yaranta biyu da ubansu ya rasu ya bar mata. Ya ce ban da haka ma, kunnensa ne ya ji, bakinsa ne ya ce babu. Shi ne babba, makullin injin na aljihunsa, da ya kashe ya zare fis wa zai doke shi? Kunyar ƙanwarsa ya ji, ya bar mutum ya sa hannu.

Ta yi musu, amma ba da ƙarfi ba. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a daidai lokacin da ya ce kada ta yi magana, wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ta ji sauƙi. Tun a hanya ma, can ƙasan zuciyarta, abin da take fatan ya ce ke nan. Ta tsani kanta saboda wannan, har yau kuma ba ta daina ba.

Washegari ita aka sa ta ɗauki bayanin zaman, don duk masana'antar ba wanda ya kai ta iya rubuta taro. Shugaban kwamitin, wani mai furfura da tabarau, ya tambayi Yaya ko ya ji alamar lalacewa. Ya ce ya ji. Ya tambaye shi ko ya faɗa a taro. Ya ce bai faɗa ba.

"Akwai wanda ya hana ka faɗa? Ka yi tunani da kyau, dattijo. Wannan tambayar ita ce komai."

Alƙalamin Auta na tsaye a kan takarda. Yaya bai ko waiwayo inda take ba.

"Ba wanda ya hana ni."

Ta rubuta. An kore shi bisa sakaci, saura wata biyar da 'yan kwanaki. Ba taron bankwana, ba takardar yabo. Ya miƙa makullai da akwatin kayan aiki a sito, ya fita ta ƙaramar ƙofar da ake fitar da dusar katako, don kada ya haɗu da kowa. Sau biyu ya je gidan Dogo, sau biyu matar Dogo ta ce maigidan yana barci. Tun daga nan bai sake taɓa inji ba, ko fankar maƙwabta aka kawo sai ya ce a kai wa wani.

Teburan sun isa makarantu da lattin kwana huɗu kacal. A rahoton kwamiti an yaba wa tsarin Auta, an ce littafinta ne ya nuna a fili inda laifi yake. Aka ƙara mata girma, aka riƙa tura ta sauran rassa tana koyar da allo mai gida uku da taron tsaye. Tana koyarwa, kuma ta iya. Jan layin nan na saman allo kaɗai ta goge, in an tambaye ta dalili sai ta ce an daina yayinsa.

Bayan wata huɗu Dogo ya zo cike takardun barin aiki. Ya rame, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke shi da fil. Ofishinta aka turo shi. Ta miƙe tsaye, ta ja masa kujera, ta rasa inda za ta sa idonta. Ya zauna ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi Inna. Sannan ya ce akwai maganar da ya daɗe yana so ya faɗa mata.

"Anti, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ɗan'uwanki ne ciki ɗaya, amma ba ki ɓoye littafin nan ba, ba ki goge ko layi ɗaya ba. Da ba don ke ba, da har in mutu ban san wanda ya cuce ni ba. Irinku sun yi ƙaranci. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifinki."

Ƙofa a rufe take, su biyu ne kaɗai a ofishin, ba manaja, ba kwamiti. Ta buɗe baki. Dogo na kallonta da idon mutumin da ya yarda da ita ɗari bisa ɗari.

"Amin," ta ce.

Ba zai iya riƙe alƙalami ba, sai ta buɗe tawada, ta kama babban yatsan da ya rage masa, ta dangwala a wurare uku da aka yi wa alama.